Giɓin santimita 7 a ƙashin ƙauri: BMP-2 da sikafol za su iya cike shi?

Likita mai neman ƙwarewa, Katsina:
Assalamu alaikum manyanmu. A ce hatsarin babur ne, ƙashin ƙauri ya fasa fata, an fara kai shi wurin mai ɗori, ciwon ya ruɓe. Bayan an yanke mataccen ƙashi sai ga giɓin santimita 7. Za a iya zuba sikafol (abu mai ramuka da ake dasawa ƙashi ya tsiro a cikinsa) na roba ko na ƙasa-ƙasa da BMP-2 (sinadarin da ke sa ƙashi tsirowa) a huta da ɗebo ƙashin ƙugun majiyyaci don cike giɓin?

Likitan ƙashi, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam ƙanena. A'a, ba a giɓi irin wannan ba. BMP-2 da ake sayarwa da sunan Infuse, a Amurka an amince da shi a 2002 don haɗa ƙashin baya, a 2004 kuma don buɗaɗɗiyar karayar ƙauri da aka sa wa ƙusa a cikin bargo. Sabuwar karaya ke nan, ba rami mai mugunya ba. Ana haɗa shi miligiram 1.5 a kowace mililita, a jiƙa soson kolajin (furotin ɗin da ke cikin fata da ƙashi) da shi, a bar shi aƙalla minti 15 ya kama. Soson nan ba ya da ƙarfi ko kaɗan, tsoka na danna shi yake lotsewa, sinadarin ya tsiyaye gefe. Daga nan ake samun kumburi, ruwa ya taru, ƙashi ya tsiro inda ba a so. Ga tsada, ga wahalar samu.

Bi hanyar Masquelet, tiyata ce mai mataki biyu. Aikin farko: kankare har sai bakin ƙashi ya yi ɗigon jini, ka ɗauki nama daga wurare daban-daban a kai gwaji, ka kafa ƙarfen waje, ka cike giɓin da simintin ƙashi mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, gentamisin ko bankomaisin. Simintin ya hau bakin ƙashin sama da ƙasa ya lulluɓe su, kuma a riƙa zuba ruwan gishiri mai sanyi yayin da yake daskarewa, don zafinsa na ƙona ƙashi. Bayan mako 6 zuwa 8 jiki ya yi masa tantani. Tantanin nan cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, shi da kansa yake fitar da VEGF (sinadarin da ke sa jijiyoyin jini tsirowa) da BMP-2. Aiki na biyu: sai ka tsaga tantanin a tsaye, ka fasa simintin, ka buɗe kogon bargo, ka zuba ɓargajen ƙashin ƙugu, ka ɗinke. Kada ka danƙara shi kamar ana cusa buhu, jini ba zai ratsa ba.

Malamar kimiyyar kayan dashe:
Likita ya gama magana, ƙari kawai zan yi kan sikafol. Iskar oksijin ba ta wuce maikuron 200 (kashi ɗaya cikin biyar na milimita) daga jijiyar jini, shi ya sa tsakiyar babban dashe ke mutuwa ko da bakinsa ya kama. Ramukan sikafol su haura maikuron 300, kuma su buɗe cikin juna. Cikin kayan sikafol na ƙasa-ƙasa, Beta-TCP na narkewa a hankali ƙashi na maye gurbinsa. Haidiroksi-afatait kan shekara da shekaru yana nan, ga saurin tsagewa. Kalsiyam salfet kuwa cikin makonni yake narkewa, sau da yawa ciwon ya yi ta tsatsar ruwa. Amfaninsu a nan shi ne ƙara auki idan ƙashin ƙugu bai isa ba, kuma kada su wuce kashi ɗaya a kan uku na ƙashin majiyyaci.

Likita mai neman ƙwarewa, Katsina:
Na gode ranku ya daɗe. To in mako 6 ya cika ciwon na zubar da mugunya fa?

Likitan ƙashi, Ƙofar Ƙaura:
Kada ka taɓa ƙugunsa, asara za ka yi. Sake kankarewa, sabon siminti, a sake ƙirga makonni. In fata ba ta rufe ba, a juyo tsoka a rufe tukuna. In ta ƙi, a tura majiyyacin asibitin ƙashi na Dala a Kano a duba jan ƙashi na Ilizarov: a yanke ƙashi mai lafiya, a jira kwana 5 zuwa 7, sannan a riƙa jan sa milimita ɗaya kullum, a raba ta huɗu. Giɓin santimita 7 kwana 70 ke nan na ja kaɗai, ban da watannin ƙwari. A gaya masa tun wuri, kuma ya ajiye sigari.