Kafireta mai baki huɗu tana shaƙewa idan an taka totur

Direban C10: Assalamu alaikum. Ina da Chevrolet C10 ƙirar 1978 mai injin 350, kuma na ɗora mata kafiretar Holley 4160 mai cin iska 600 cfm (ma'aunin yawan iskar da take iya zuƙa a minti). Tana silo lafiya, amma da zarar na taka totur da ƙarfi sai injin ya shaƙe na ɗan lokaci kafin ya ɗauka. Shin ƙara girman jet, wato ƴar kafar da ke ƙayyade yawan fetur da ke shiga, zai magance wannan matsala?

Bakanike Dattijo: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka taɓa jet tukuna. Fara da taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, domin injin 350 yakan so digiri 10 zuwa 12 a silo, jimilla kuma 34 zuwa 36 idan ya kai juyi 3,000 a minti. Bayan haka ka cire ƙusar da ke gefen kwanon mai na kafireta, ka daidaita fulot, wato abin da ke yawo a kan fetur yana ƙayyade cikar kwanon, har fetur ya tsaya daidai gindin ramin ba tare da ya zubo ba.

Mai Gareji: Maganar Baba gaskiya ce, sai dai ni famfon totur nake zargi. Lokacin da bakin kafireta ya buɗe farat ɗaya, iska takan riga fetur shiga, kuma aikin wannan famfo shi ne ya fesa mai ya cike giɓin. Ka kashe injin, ka leƙa ciki, ka motsa totur da hannu. Dole ne fetur ya fito nan take daga ramuka biyun da famfon ke fesa mai ta cikinsu. Idan ya yi jinkiri, to akwai tazara tsakanin hannun famfon da ƙusarsa, ko kuma robarsa ta bushe.

Idan famfon lafiya yake, sai ka koma kan bakuna biyu na baya, waɗanda zuƙar iska ce ke buɗe su. Akwai sifirin da ke riƙe su a rufe; in mai laushi ne yakan bar su su buɗe tun injin bai buƙaci iskar ba, kuma a mota mai nauyi irin taka wannan kaɗai ya isa ya shaƙe ta. Ka sa mai ɗan tauri. Ina roƙonka ka riƙa canza abu ɗaya kana gwadawa a hanya kafin ka taɓa na gaba.

Direban C10: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na leƙa yanzu, fetur ba ya fitowa sai totur ya yi nisa, don haka da hannun famfon zan fara.