Tankaɗen kwana uku ya salwanta bayan ɗaukewar wuta: ina neman taimako kan CADO-NFS

Malamin Lissafi, Aboabo:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni malamin lissafi ne a wata babbar sakandare a nan Kumasi, kuma makonni biyu ke nan ina ƙoƙarin fasa wata lamba mai alƙaluma 130 zuwa tubalanta, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kuma kansu, domin ɗalibaina su gani da idonsu cewa ninka lambobi biyu abu ne mai sauƙi, amma gano waɗanda aka ninka ɗin aiki ne ja. Lambar saura ce da ta rage bayan na cire ƙananan tubalai daga wata da ta fi ta girma.

Na ɗora CADO-NFS, manhajar da ke fasa manyan lambobi ta hanyar da ake kira rariyar lambobi, a kan kwamfutar tebur mai Ubuntu, wadda furosesarta ke da ƙwayoyi huɗu, ta harhaɗu lafiya, ta gama matakin farko, wato zaɓen folinomiyal, ta shiga tankaɗe, dogon matakin da ake tattara alaƙoƙi tsakanin lambobi. Ganin aikin yana tafiyar hawainiya, sai na jona wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ƙanena ya bar mini domin ta riƙa karɓar aiki daga ta teburin. Duk aikin da ta karɓa, ko daƙiƙa ɗaya ba ta yi sai ta rubuta «Illegal instruction», ta sake karɓar wani, har ta teburin ita ma ta tsaya da ƙorafin cewa ayyukan da suka gaza sun wuce kima. Na cire tsohuwar, na sake farawa da guda ɗaya. A dare na uku aka ɗauke wuta a unguwarmu, da ta dawo na kunna kwamfuta, na nemi foldar aikin sama da ƙasa ban ganta ba. Shin akwai hanyar dawo da ita, kuma mene ne laifin tsohuwar kwamfutar?

Ɗan Nima:

Wa alaikumus salam, Malam. Sai dai in ba ka haƙuri game da foldar, domin ina kyautata zaton ta tafi ke nan. Idan ba ka faɗa wa manhajar inda za ta ajiye kayanta ba, tana buɗe folda ne a cikin /tmp, shi kuwa Ubuntu yana share abin da ke wurin duk lokacin da kwamfuta ta tashi. Saboda haka ba ɗaukewar wutar ce ta cinye aikinka ba, kunnawar da ka yi ce ta share shi. Waɗanda suka rubuta manhajar a birnin Nancy na Faransa ba sa fama da dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, mu da muke fama da shi kuwa tilas ne mu ƙara tasks.workdir= a layin umarni, mu nuna mata wata folda a cikin gidanmu na kwamfuta.

Idan ka yi haka, za ka tarar da wani fayil a cikin foldar mai suna c130.parameters_snapshot.0, kuma duk ranar da aiki ya katse, wannan fayil za ka miƙa wa cado-nfs.py a madadin lambar. Manhajar tana da kundin da take rubuta kowane guntun aiki da aka gama, don haka daga inda ta tsaya za ta ɗora, asararka ba za ta wuce guntayen da suke hannu lokacin da wuta ta tafi ba.

Batun tsohuwar kwamfuta kuma, lafiyarta ƙalau. Lokacin harhaɗawa, manhajar tana duba irin umarnin da furosesar da take kai ta iya, kamar AVX2, ta gina kanta daidai da shi. Kwamfutar da ke karɓar aiki kuwa tana sauko da shirin tankaɗen ne daga uwar garke, wato ta teburinka, sai ga tsohuwar furosesa an miƙa mata umarnin da ba a ƙirƙira ba lokacin da aka ƙera ta. Kowace faɗuwa ana lissafa ta, idan suka kai 100 uwar garke sai ta dakatar da komai, abin da ka gani ke nan. Maganinsa shi ne ka harhaɗa manhajar a kan tsohuwar ita kanta, bayan ka saka mata cmake da g++ da libgmp-dev, sannan ka tashi cado-nfs-client.py da --bindir yana nuni da abin da ta gina a foldarta ta build. Ka kuma tsayar da server.port a lamba ɗaya, domin kada adireshin ya riƙa sauyawa duk lokacin da ka sake tashin aikin.

Malama Mai Alli, Asawase:

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah Ya mayar da alheri. Abin da ɗan'uwanmu na Nima ya faɗa daidai ne, ba ni da gyara a kansa. Ni wata jumla ce a tambayarka ta tsaya mini a rai, inda ka ce lambar saura ce bayan ka cire ƙananan tubalai. Da me ka cire su, kuma har zuwa wane girma ka bincika?

Dalilin tambayar shi ne, rariyar da kake amfani da ita ba ruwanta da girman tubalan da ke cikin lamba, tsawon lambar kaɗai take kallo. Ko da akwai tubali mai alƙaluma 30 a ɓoye a ciki, sai ta kwashe kwanakinta cur kafin ta nuna maka shi. Wata hanyar neman tubalai kuwa mai suna ECM, wadda Hendrik Lenstra ya fito da ita a shekarun 1980, akasin haka take, domin wahalarta ta dogara ne da girman ƙaramin tubalin. Shi ya sa masu wannan sana'a ba sa ɗaukar rariya sai sun fara lalube da GMP-ECM, manhajar da ke aiki da wannan hanya, kuma ma'aunin da wata manhajar fasa lambobi mai suna YAFU take bi shi ne a laluba har zuwa kashi 4 cikin 13 na tsawon lambar. A taka lambar wannan ya kama alƙaluma 40 cif, wato ka saita B1, iyakar zurfin binciken kowane gwaji, a miliyan 3 ka yi gwaji sama da 2,000, bayan ka fara da ƙananan matakai. Aikin dare ɗaya ne ko biyu, kuma ya dace da tsohuwar kwamfutar sarai. Idan aka dace wani tubali ya faɗo, abin da ya rage zai iya sauka ƙasa da alƙaluma 95, inda rariyar kwadiratik da Carl Pomerance ya ƙirƙira a 1981 ta fi sauri, sai YAFU ta ƙarasa maka a zama ɗaya.

Na san da zafi a ce wa wanda ya yi asarar kwana uku ya ƙara jira, amma tun da yanzu ba ka da komai a hannu, babu lokacin da ya fi wannan arhar yin binciken. Da lambar RSA ce, cikin waɗanda aka wallafa a matsayin ƙalubalen fasawa, irin RSA-130 da aka fasa a 1996, da ban ce maka komai ba, tun da an san tubali biyu ne masu kusan tsawo ɗaya aka ninka. Taka kuwa babu wanda ya san abin da ke cikinta.

Ga kuma abin da za ka iya gaya wa yara. RSA-129, wadda alƙalami ɗaya kawai taka ta fi ta, sai da mutum kusan 600 suka haɗa kwamfutocinsu na tsawon wata takwas kafin ta fashe a 1994. Manhajar nan da ke kan teburinka kuwa ita aka yi amfani da ita wajen fasa RSA-250 a watan Fabrairun 2020, aikin da ya ci kimanin shekara 2,700 a lissafin ƙwayar furosesa ɗaya.

Ɗan Nima:

Malama ta yi gaskiya, ni ma ban lura da wannan jumlar ba. Abin da zan ƙara ya shafi matakin da ke bayan tankaɗe da rairaya (tace alaƙoƙin da aka tara), wato lissafin babban jadawali. A lokacin tankaɗe, idan kwamfuta ta yi kuskure ta fitar da gurɓatacciyar alaƙa, zubar da ita ake yi a ci gaba, domin akwai miliyoyinta. Jadawali kuwa ba ya yafiya, tun da kowane mataki a kan na bayansa yake hawa, kuma kwamfutar tebur ce kaɗai za ta ɗauki nauyinsa. Manhajar tana ajiye alamar inda ta kai lokaci-lokaci, tana kuma binciken kanta, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta ba ni tsoro kamar zafi. Kwamfutar da ta yi kwanaki tana aiki da dukkan ƙarfinta, ga ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, tana iya fara kuskure ba tare da ta mutu ba. Ka buɗe ta ka kakkaɓe tun kafin ka kai wannan matakin.

Malamin Lissafi, Aboabo:

Malama, ɗan'uwa, Allah Ya saka muku da alheri. Gaskiyar magana ita ce rarrabawa kawai na yi da ƙananan lambobi har zuwa miliyan goma, ban taɓa jin labarin ECM ba sai a bakinki. Na saka ta a kan tsohuwar kwamfutar dare biyu, ta cika adadin gwajin da kika faɗa, babu abin da ya faɗo, don haka na koma ga rariya da kwanciyar hankali.

Na harhaɗa manhajar a kan tsohuwar kamar yadda aka ce, yanzu tana karɓar aiki tana mayarwa, ko da yake kafin ta gama guntu ɗaya ta teburin ta gama huɗu. Da na buɗe ta teburin kuwa, ƙurar da na tarar a bayan fanka ta dunƙule kamar auduga, sai da na sa tsohon buroshin haƙori na ciro ta. Sau biyu aka ɗauke wuta cikin makon nan, kuma duk sau biyun na miƙa fayil ɗin da aka nuna mini, aikin ya ɗora daga inda ya tsaya. An gama tankaɗe jiya bayan isha'i, da asuba na tarar an wuce rairaya an shiga jadawali. Na ɗauki hoton allon domin in nuna wa yara ranar Litinin, na kuma roƙi mutanen gida kada kowa ya zare soket ɗin ɗakin don yin cajin waya.