Littafin share fage kan tsaron bayanai: ta yaya ake gane mai amfani kafin a duƙufa a kansa?

Sabon_shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum malamaina. Littattafan share fage a fannin tsaron bayanai kusan iri biyu ne. Wani ƙato ne mai shafi fiye da 700, lissafi tun daga babi na biyu. Wani kuma siriri ne, karatunsa da daɗi, amma daga farko har ƙarshe ma'anonin kalmomi ne kawai. Me mai koyo zai duba ya san littafin zai amfane shi? Tsohon bugu yana da illa? Kuma idan aka tsallake babin lissafin ɓoye saƙo, za a fahimci sauran?

Mai_gadin_saba ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ka fara daga bayan littafin. Buɗe fihirisa ka nemi abubuwa huɗu, minti goma ya ishe ka.

Ka duba me ya ce kan DES, tsohuwar dabarar ɓoye saƙo. Mabuɗinsa bit 56 ne kacal, kuma tun 1998 ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta ƙera na'urar da ta karya shi cikin awa 56. Littafi na gari zai kawo shi a matsayin tarihi, ya wuce zuwa magajinsa AES wanda hukumar tsara ƙa'idoji NIST ta Amurka ta amince da shi a 2001, mai mabuɗi bit 128, 192 ko 256. Sai ka duba MD5 da SHA-1, dabarun fitar da tambari, wato gajeriyar lamba da ake lissafowa daga saƙo don a gane ko an taɓa shi. Tun 2004 aka nuna yadda za a haɗa saƙo biyu daban masu tambarin MD5 iri ɗaya, a 2017 kuma masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fitar da fayilolin PDF biyu masu tambarin SHA-1 ɗaya. Idan littafin yana ba da shawarar amfani da su wajen sa hannu a takarda, ya tsufa. Na uku TLS, tsarin da ke kulle hulɗa da shafukan intanet: sigar 1.3 ta fito a 2018, an kuma yi ritayar 1.0 da 1.1 a hukumance a 2021.

Na huɗu shi ya fi tona asirin littafi, wato babin kalmar sirri. Tsohuwar koyarwa ita ce a tilasta wa ma'aikata canja ta duk kwana 90, a cusa babban baƙi da lamba da alama. Tun 2017 NIST ta janye daga wannan, domin abin da mutane ke yi shi ne su ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar kalmar, ko su rubuta ta a takarda su liƙa a jikin allo. Shawarar yanzu: kalma mai tsawo, a tantance ta da jerin waɗanda suka taɓa fallasa, a ƙara mataki na biyu na tabbatarwa, kada a canja sai an ga alamar ta fita. Ka kuma duba yadda ya ce a adana ta a saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan masu shiga. Idan bai ambaci gishiri ba, wato baƙaƙen da ake zaɓa da ka a haɗa da kalmar kowane mutum kafin a fitar da tambarinta, kuma bai kawo irin su bcrypt ko Argon2 da aka ƙera su da gangan su riƙa jinkiri wajen fitar da tambari ba, to zai koya maka abin da masu kutse ke murna da shi.

Malamar_lissafi ta amsa:

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma shi ya auna shekarun littafi ne. Sauƙin karatu wani abu ne daban, kuma a nan ɗalibai suka fi ruɗuwa. Littafin da kake gudu a cikinsa ba tare da ka taɓa ɗaukar biro ba, yawanci bai saka maka komai a ka ba. Mai sauƙi na gaskiya shi ne wanda yake kawo matsala kafin magani, sannan ya yi misali da ƙananan lambobi har ƙarshe.

Kada ka tsallake lissafin, ɗan'uwa. Abin da matakin farko ke bukata bai wuce raba lamba a riƙe saura ba. Ga RSA, dabarar ɓoye saƙo mai mabuɗi biyu, na fili da na sirri, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fitar a 1977, a takarda ɗaya. Ɗauki 3 da 11, ka ninka su, 33. Rage ɗaya daga kowacce ka ninka, 2 sau 10, 20. Mabuɗin fili ya zama 3, na sirri 7, saboda 3 sau 7 ya ba da 21, wanda idan aka raba da 20 saura 1. Saƙonka shi ne 4. Ninka shi a kansa sau uku, 64, raba da 33, saura 31. Wannan 31 ita ce za ta bi waya. Mai karɓa ya ninka 31 a kanta sau bakwai ya raba da 33, saura 4, saƙon ya dawo ke nan. Wanda ya yi wannan da hannunsa ya gane cewa duk tsaron ya rataya ne a kan wahalar gano 3 da 11 daga 33, ya kuma gane dalilin da ya sa a aikace ake amfani da lamba mai bit 2048 zuwa sama. Littafin da ya zubo alamomi shafi uku ba misali irin wannan, laifin marubucin ne, ba na kanka ba.

Haka ma tsawon kalmar sirri. Ƙananan baƙaƙe 26, kalma mai baƙi 8, ya ba da kusan biliyan 209. Na'urar da ke gwada biliyan ɗaya a daƙiƙa za ta gama da su cikin ƙasa da minti huɗu. Mai da ita baƙi 12, aikin ya koma kusan shekara uku. Littafi mai kyau zai bar ka ka lissafa wannan da kanka a atisayen ƙarshen babi. Ka tabbata akwai amsoshi a baya, ko da na rabin tambayoyin ne, domin mai koyo shi kaɗai ba shi da mai duba masa.

Abin da na yarda ka ɗaga zuwa gaba shi ne hujjojin lissafi masu tsawo da cikin akwatunan AES. Amma ka tsaya a kan salon ECB, inda ake yanka saƙo gunta-gunta a kulle kowane gunta shi kaɗai, ka gane me ya sa guntaye iri ɗaya suke fitowa iri ɗaya bayan an kulle su, har siffar hoto ta riƙa bayyana.

Mai_gwajin_kutse ya amsa:

Ko wanne ka zaɓa, ka haɗa shi da ɗakin gwaji tun makon farko. Kwamfuta mai RAM gigabait 8 ta isa. Saka VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar tafiyar da wata kwamfuta a cikin taka, ka ɗora kwamfutocin gwaji biyu a ciki: Kali Linux mai kayan gwajin kutse, ka ba ta gigabait 2, da Metasploitable 2, wadda aka cika ta da ɓaraka da gangan don koyo.

Wurare uku ake tuntuɓe. Na farko, kwamfutar gwajin ta ƙi tashi saboda saitin da ke ba da damar tafiyar da kwamfuta a cikin kwamfuta, VT-x ko AMD-V, a kashe yake a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, sai ka shiga ka kunna. Na biyu shi ne mai haɗari: saitin katin sadarwa. Ka sa duka biyun a tsarin host-only, wanda ba sa magana da kowa sai junansu da uwar kwamfutarka, inda VirtualBox kan raba adireshi masu farawa da 192.168.56. Idan ka bar su a tsarin gada (bridged), wanda ke haɗa su kai tsaye da sadarwar waje, na'ura mai rauni ta fito fili ke nan a sadarwar da kake kai, kuma bincikenka zai iya faɗawa kan na'urorin wasu. Taɓa na'urar da ba taka ba ba tare da rubutaccen izini ba laifi ne a dokokin ƙasashe da yawa. Na uku, mantawa da ɗaukar hoton yanayin na'ura (snapshot), wanda ake iya komawa gare shi, kafin a fara, sai abu ya lalace a koma girkawa daga tushe.

Daga nan duk babin da ka karanta ka nemo shi a ɗakin. Ya yi maganar ƙofofin sadarwa, ka buga umarnin binciken ƙofofi nmap -sV da adireshin Metasploitable, ka ga abin da ke sauraro a 21 da 22 da 23 da 80. Ya ce Telnet, tsohuwar hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ba shi da tsaro, ka kunna Wireshark mai nuna abin da ke bi ta sadarwa, ka shiga ta ƙofa 23, za ka ga kalmar sirrinka tana wucewa tsirara. Maimaita ta SSH, hanyar shiga mai kulle saƙo, a ƙofa 22, ba abin da za ka iya karantawa. Littafin da babinsa ba ya barin ka da abin gwadawa irin wannan, na cin jarrabawa ne kawai.

Mai_binciken_tsari ya amsa:

Ina da ja kaɗan a kan tsohon bugu. Ba duka yake ruɓewa ba. Sirri da ingancin bayanai da samuwarsu lokacin bukata, ba wa kowa iya izinin da aikinsa ke nema, ƙa'idar Kerckhoffs ta 1883 cewa tsaro ya dogara da mabuɗi ba da ɓoye tsarin ba, duk waɗannan suna nan daram. Tsohon bugu mai kyakkyawan bayani ya fi sabo mai kwashe-kwashe, muddin ka san sunayen dabaru da lambobin siga sai ka sabunta su daga takardun NIST da jerin OWASP, ƙungiyar tsaron manhajojin intanet, waɗanda kyauta ake samunsu.

Kuma babin da kowa ke rainawa, na auna haɗari da saka faci, wato gyaran da mai manhaja ke fitarwa don toshe ɓaraka, da ajiye kwafi, shi ya fi yawan aiki a ofis. WannaCry, muguwar manhajar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ta ɓarke a Mayun 2017, alhali Microsoft ta fitar da facin ɓarakar tun Maris. Ba lissafi aka karya ba, wata biyu aka yi ba a saka faci ba. Ka duba ko littafin ya bayyana me ke hana hukumomi saka faci a kan lokaci, kamar tsohuwar manhajar da aiki ya dogara da ita ko na'urar da ba a iya kashewa.

Sabon_shiga ya rubuta:

Allah Ya saka da alheri. To da wane babi zan fara, tunda na ga ba lallai ne a bi su a jere ba?

Mai_gadin_saba ya amsa:

Idan ba ka san bambancin TCP da UDP ba, ko yadda DNS ke mai da suna adireshi, ka fara da sadarwa ko da daga wani littafin ne, don rabin babukan tsaro sun ɗauka ka sani. Sai tushen fanni da auna haɗari, sai tabbatar da mai shiga da rabon izini, sannan ɓoye saƙo. Tsaron shafukan intanet ka bar shi sai ka iya rubuta tambaya mai sauƙi a SQL, harshen neman bayanai daga rumbunsu, in ba haka ba misalin cusa umarni a akwatin shiga ba zai yi maka ma'ana ba. Babi ɗaya a mako, kwana biyu karatu, sauran a ɗakin gwaji.