Wai ko da na yi prepare ana iya yi min SQL injection?

dan_PHP:
Salam ƴan uwa. Ina haɗa ma wata makaranta shafin duba sakamako da yaren PHP da database na MySQL, akwai wajen bincike inda malami zai zaɓi aji ko zango ko ya buga sunan ɗalibi kuma ya zaɓi yadda za a jera su, to ni ina liƙa WHERE ɗin (sashen sharaɗi na umarnin SQL da ake tura ma database) ne guntu guntu gwargwadon abin da ya cika daga ƙarshe in miƙa ma $pdo->prepare(), wadda ke raba umarnin SQL da abin da mutum ya buga. Wani abokina ya leƙa kod ɗin yace wai a buɗe yake ga SQL injection, wato wani ya cusa nasa umarnin SQL ta wajen binciken. Dama ba prepare ce maganin ba??

Baba_Saba:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya fi ka gaskiya, prepare fa ba laya bace da zaka rataya ma kod ka je ka kwanta. In ka rubuta AND suna = '$suna' ai magana ta ƙare tun kafin a zo prepare, wani ya buga ' OR '1'='1 sharaɗin ya zama gaskiya a kowane layi ɗaliban makarantar kaf su zubo. Liƙa guntu ba laifi bane in dai guntun kai ka rubuta shi da hannunka, wato AND suna = ? sannan abin da aka buga ka tara a array ka ba execute().

dan_PHP:
Na gode yallaɓai, WHERE ya gyaru. Amma a sashen jerawa na sa ORDER BY ? ya ƙi jerawa sam.

yar_Python:
Ba zai jera ba ƙanina, alamar ? ƙima kawai take ɗauka, bata ɗaukar sunan tebur ko sunan kolum ko ASC da DESC, kuma daidai nan ne mutane ke gajiya su koma liƙa $_GET, wato abin da ya zo daga adireshin shafi, kai tsaye. Rubuta sunayen da ka yarda da su a kod, suna, aji, maki, in abin da ya zo baya ciki ka jera da suna kawai. Sannan ka bi fayilolinka duk inda ka ga $ a cikin jimlar SQL ka tsaya ka tambayi kanka daga ina ya fito, har wanda ka ciro daga database ɗin ma tunda wani ne ya buga shi tun farko. Masu dogaro da real_escape_string (mai kashe kaifin alamomi irin su ') kuma, id = $id ba alamar ' a gefe ai 5 OR 1=1 wucewa zai yi salin alin. Ƴan Laravel (tsarin gina shafi da PHP) ku ma ku duba whereRaw da orderByRaw ɗinku.

Baba_Saba:
Haka ne hajiya. Kamfanin sadarwa na TalkTalk na Birtaniya ma ta wannan ƙofar aka shige su a 2015 ta wasu tsofaffin shafuka, aka ci su tarar fam 400,000. Kai kuma dan_PHP in da root (asusu mai cikakken iko) kake haɗawa da database canza yau, buɗe ma shafin duba sakamakon asusu mai izinin karantawa (SELECT) kaɗai, ka kashe nuna kuskuren SQL a fili, sai ka saki sqlmap, manhajar gwada SQL injection, a kan kwafin da ke kwamfutarka, ba na makarantar ba.