Giyar otomatik tana sulluɓewa, mota ba ta ɗaukar gudu

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Motata mai giyar otomatik ce, ƙirar 2008. Kwanan nan idan na taka totur daga tsaye, sai inji ya yi ƙara, allurar juyin inji ta haura 3,000, amma motar tana jan ƙafa, sai bayan daƙiƙa biyu ta fizga. Wani bakanike ya ce a sauke akwatin giya gaba ɗaya. Mene ne shawararku?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar saukewa. Tunda inji yana tashi amma gudu bai biyo baya ba, laifin yana wajen giya; da allurar ce ta ƙi tashi, da mun zargi famfon fetur ko fulogi. Fara da duba man giya bayan motar ta ɗumama, a fili mai daidai, kuma a yawancin motoci inji yana aiki. Ɗiga shi a farar takarda: idan ja ne amma ya gaza ma'auni, a nemi inda yake yoyo, domin ƙarancinsa yana rage matsin da ke kama farantan kuloci. Idan ya yi baƙi yana warin ƙonewa, mai yiwuwa farantan sun cinye.

Amsa ta biyu: Ƙari a kan bayanin Malam, a sa mata na'urar gwaji tukuna. Idan na'urar ta nuna lambar matsala P0730, alama ce cewa giya ba ta kamawa daidai, kuma wani lokaci bawul ɗin lantarki guda ɗaya ne ya mutu, wanda ake canzawa ta ƙasa ba tare da sauke akwatin ba.

Mai tambaya: Na gode. Na duba da safen nan, man ja ne, amma bai kai layin ƙasa na sandar auna man ba.