Sarƙa ta iso da wuri, amma ta ƙi zama

Mai CG:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Babur ɗina Honda CG125 ne, shi ne ƙafata kullum zuwa wurin aiki. Sarƙarsa ta saki har tana dukan murfi, na yi ta ɗaurewa har wurin ɗaurin ya ƙare. Sai na yi odar sabuwa ta intanet daga wani mai sayarwa da ya cika shafinsa da alkawarin saurin aiko da kaya. Alkawarin kuwa ya cika, kwana 2 kacal ta iso. Na warware takarda, na ɗora ta a kan haƙoran farantin baya, ta ƙi zama, tana hawa kan haƙoran. Da na duba jikinta sai na ga lambar girmanta 520 ce, alhali tsohuwar 428 ce.

Sau uku ina rubuta musu, amsar ɗaya ce, wai suna duba kokena. Yau kwana 11 babur na jingine. Don Allah ta yaya mutum zai gane mai sayarwa na kirki tun kafin kuɗi ya bar hannunsa?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ko shekara za ka yi kana gwadawa ba za ta zauna ba. Lambar farko a cikin 428 ko 520 tana nuna tazarar da ke tsakanin ƙusoshin sarƙa: ta 4 milimita 12.7 ce, ta 5 kuma ta kusa 16. Kuma in za ka sake saye, haɗa da faranti biyun, na gaba da na baya. Tsofaffin haƙora cinye sabuwar sarƙa suke yi. Ƙirga gaɓoɓin tsohuwar da haƙoran kowane faranti, ka rubuta a takarda.

Batun gane mutum kuwa, ni gwada shi nake yi. Kafin in biya sai in aika tambayar da na riga na san amsarta. Wanda ya ce mini "zai shiga kowane babur", na gama da shi. Wanda ya ce in turo shekarar ƙira, da hoton tsohon kayan, da lambar shasi, wannan ya taɓa riƙe sifana a hannunsa. Lambar shasin tana wuyan babur, yawanci haruffa da lambobi 17 ne, sai ka ɗan goge maiƙo kafin ta fito.

Ɗan Hanya:
Baba ya gama magana, sai dai in ƙara kan saurin. Akwai masu ba ka lambar bin sawun kaya cikin awa ɗaya, ka yi ta murna, ashe takardar manna wa kwali kawai suka buga, kayan ma bai zo hannunsu ba. Tambaye shi kai tsaye: yana hannunka yanzu, ko sai ka yi oda? In yana hannunsa, ya ɗauko hoto.

Batir kam kada ka ga laifinsu in ya daɗe, dokokin ɗaukarsa a jirgin sama masu tsauri ne, shi ya sa yakan biyo ƙasa. In taya ce, nemi hoton lambobi huɗun nan na gefenta. 1524 na nufin mako na 15 na 2024. An taɓa aiko mini da wadda ta shekara 6 a ɗakin ajiya, robar ta bushe ƙamas, ko farce ba ya shiga.

Mai CG:
Na gode Baba, na gode ɗan'uwa. Na gwada mutum uku jiya da dare. Biyu sun ce in biya kawai. Na ukun wata baiwar Allah ce ta amsa, ta sa na koma na sake ƙirga haƙoran baya, ashe na tsallake ɗaya. Ta ce kayan zai yi kwana 5 kafin ya iso, ta kuma rubuta mini cewa in bai shiga ba kuɗin mayarwa a kansu yake. Na biya.

Tsohon Bakanike:
Madalla. Waccan 520 ɗin kada ka shafa mata mai, kada ka yar da kwalinta, ka ajiye hotunan saƙonninku. Da ta yi alamar an ɗaura ta, za su ce kai ka lalata.