Bayan fitar Nijar daga ECOWAS: yaya kasuwarku take?

Ɗan kasuwar hatsi, Dawanau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar 29 ga Janairun 2025 da fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, manya kawai muke ji a rediyo. Ni daga bakin masu ɗora buhu a mota nake son ji. Bari in fara da kaina. Shekara da shekaru ina karɓar gero a hannun wani abokin huldata na Maraɗi, ta Jibiya. ECOWAS ta ce a ci gaba da shige da fice da safarar kaya yadda aka saba har sai an yi sabuwar yarjejeniya, kuma gaskiya har yau ban taɓa neman biza ba. Abin da ya karya ni shi ne dokar Oktoban 2024, da Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina. Muna gaisawa a waya, amma ciniki ya tsaya.

Direban tirela, Gaya:
Wa alaikumussalam Alhaji. Ku naku da sauƙi, tunda an buɗe iyakarku a Maris ɗin 2024. Mu gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ce abincinmu. Da daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Yamai kusan kilomita 1,000 ne, kwalta ɗaya, ka san inda za ka kwana da inda za ka ci tuwo. CEDEAO, wato ECOWAS, ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, namu ya zauna a rufe. Sai muka koma Lome, mu ratsa Burkina ta Kaya da Dori mu faɗo Tera. Wannan hanya ba a binta sai da rakiyar sojoji, kuma ayari ba ya tashi sai motoci sun taru.

Na taɓa yin sama da mako uku a wuri ɗaya ina jira. Tabarma a ƙarƙashin mota, yaron motata na dafa shinkafa a ƙaramar tukunya, shayi safe da yamma don a kashe yunwa. Kuɗin hanya ya ƙare har na sayar da safayar taya. Mai kaya yana ta kira, me zan ce masa? Duk kwanan da muka yi a can, a kan kuɗin buhun shinkafa ake ɗora shi, mai saye a kasuwar Yamai shi ke biya. A Gaya kuwa yanzu masu kwalekwale ke cin kasuwa, mutum da kayansa duk ta kogi.

Mai ƙanƙara da zoɓo, Birnin Ƙonni:
Sannu da wahala ɗana, Allah ya tsare hanya. Amma ni kada a ce mini fitar ce ta jawo. Ina nan a Agustan 2023 Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulki. Firiza biyu gare ni, na buɗe na tarar da ƙanƙara ta zama ruwa, zoɓon ya yi tsami, na zubar da shi da hannuna. Maganin hawan jinin mahaifiyata sai da aka yi ta yawon nema. 'Yata tana aure a Illela, nan da nan, amma sai ta barauniyar hanya a kan babur na je suna. Ƙungiyar da ta yi mana haka, don mun bar ta ba zan yi kuka ba.

Dillalin dabbobi, Maigatari:
Hajiya gaskiyarki, takunkumin nan har mu ya ci. Kasuwarmu ta Alhamis rabin armashinta dabbobin Damagaram ne. A Mayun 2025, ana shirin babbar Sallah, Nijar ta hana fitar da dabbobi, turaku da yawa suka kwana babu rago. Sai dai a faɗi gaskiya, faɗuwar naira a gaban sefa tun 2023 ta riga ta kori makiyaya da dama. Mutum ya sayar da sa, ya canza kuɗin, ya ga bai kai abin da zai samu a gida ba.

Mai fitar da kaya daga duwan (kwastam), Yamai:
Wani gyara kaɗan. Nijar ba ta bar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kashe sefa, ba, shi ya sa har yanzu sefa muke kashewa. Harajin da AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, ta sa a Maris ɗin 2025 kashi 0.5 cikin 100 ne a kan kayan waje, daidai da wanda CEDEAO ke karɓa a da. Bambancin shi ne yanzu kayan Najeriya ma na waje ne. Ba shi ke tada farashi ba, kuɗin mota daga Lome ne, kamar yadda malam direba ya bayyana.

Ɗan kasuwar hatsi, Dawanau:
Hajiya, wallahi maganarki ta taɓa ni, mu ma a Kano ba mu ji daɗin yanke wutar nan ba. Allah ya mayar da alheri. Ina 'yan albasar Galmi masu kai kaya Kumasi da Akra? Wace hanya kuke bi yanzu, kuma kwana nawa albasa ke yi kafin a sauke?